Daga Kumasi Zuwa Paga A Gaban Gingimari

A hutun makaranta da ya wuce ne Allah ya nufe mu da wata tafiya daga Kumasi zuwa Paga, bakin iyakar ƙasar nan da Burkina Faso, don yin gaisuwar ta'aziyya. Mu biyu ne, duka malaman makaranta. Muna shirin shiga bas sai wani dattijon direba ɗan unguwarmu ya ce mu zo ya rage mana hanya a gaban gingimarinsa, don ya ɗauko shinkafa daga tashar jiragen ruwa ta Tema zai kai Wagadugu. Ba mu yi wata-wata ba muka amsa, don kowa ya san halin aljihun malami. Tafiyar kusan kilomita 600 ce.

Tun kafin mu hau, idonmu ya faɗa kan wani ɗan akwati da aka maƙala a jikin motar, bai kai girman rediyo ba. Muka ce, "Alhaji, wannan fa?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ɗan rakiyar kwastan ke nan. Da can ma'aikaci ake haɗa mu da shi har iyaka. Wannan kuwa ba ya ci, ba ya sha, amma ya fi mutum tsegumi."

Ga yadda abin yake. Kayan da aka sauke a Tema don wucewa Burkina Faso ko Nijar ko Mali ba a biya musu harajin shigowa Gana, tunda ba a nan za a sayar da su ba. To, don kada wani ya karkatar da su ya zube a kasuwar Kumasi, sai a ɗaura wa motar wannan na'ura. Ita kuma tana sanin inda take ta hanyar taurarin ɗan adam, sa'an nan ta aika da labari ofis, inda ma'aikaci ke ganin motar a kan taswira cikin kwamfuta kamar tururuwa tana rarrafe. Ban da wannan, akwai wata na'urar ta biyu ɓoye a ƙarƙashin sitiyari, wadda mai motar ya sa da kuɗinsa. Ita ce ke gaya masa gudun da ake yi, da inda aka tsaya, da tsawon tsayawar. Wato dai motar da muka shiga tana magana da mutum biyu, kuma dukansu suna zaune a inuwa, nesa da titi.

Mun tashi bayan la'asar, muka ratsa Magazin na Suame inda ƙarar guduma ba ta yankewa, muka wuce Offinso da Akomadan ta masu tumatir, muka yi isha'i a Techiman. Daga nan ne tafiyar ta zama makaranta. Titi ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa, babu katanga a tsakani, ga duhu. Sai muka lura ashe direbobi hira suke yi da juna ba tare da buɗe baki ba. Mota ta taho ta ƙyafta fitila sau biyu, Alhaji ya ɗaga ƙafa daga totur ya ce akwai abu a gaba. Wata bas ta matso bayanmu tana neman wucewa, sai ya kunna siginar hagu, ma'ana dakata, akwai mai tahowa. Da hanya ta buɗe ya kunna ta dama, bas ta wuce ta yi ƙaho sau ɗaya, wato na gode. Ba a koyar da wannan yare a aji, yaron mota a gefen maigidansa yake ɗaukarsa.

Amma fa yaren yana da iyaka, iyakarsa kuwa ido. Muna shan wata kwana sai muka ga ganyaye a zube a kwalta, kafin mu ankara sai ga wata babbar mota a mace a tsakiyar hannunmu, babu fitila, babu alamar nan ja mai kusurwa uku. Alhaji ya taka birki, shinkafa ta turo mu daga baya, yaron mota ya yi salati da ƙarfi. Allah ya sa babu mai tahowa, aka kauce. Mun daɗe ba wanda ya ce uffan. Ganyen da ya kamata a fara zubawa tun daga nesa, taku kaɗan ne tsakaninsa da motar.

Duk ɗan zango ya san abin da wannan yanki ya ci. A watan Fabrairun 2016 wata bas da ta nufi Tamale ta yi taho-mu-gama da motar tumatir kusa da Kintampo, mutane fiye da 50 suka rasu. A watan Maris na 2019 kuma bas biyu suka haɗu da tsakar dare a Amoma Nkwanta, ɗaya ta kama wuta, nan ma aka yi asarar rayuka fiye da 50. Allah ya jiƙansu. Da wuya ka sami unguwa a zangunanmu da ba ta da ɗa a bayan sitiyari ko a bayan kaya a wannan hanya, shi ya sa muke ganin maganar ta shafe mu.

Abokin tafiyarmu, wanda kimiyya yake koyarwa, shi ya kawo zancen motocin da ke magana da junansu. Ba tatsuniya ba ce. A shekarar 2012 an yi gwaji a garin Ann Arbor na Amurka da motoci kusan 3,000. Kowace tana ɗauke da ɗan rediyo da ke sanarwa, sau 10 a cikin daƙiƙa ɗaya, ga inda nake, ga gudun da nake yi, ga inda na dosa, na taka birki ko ban taka ba. Duk motar da ke da irin na'urar a tazarar mita 300 ko makamancin haka za ta ji, ta gargaɗi direbanta, ko da kwana ko tudu ko wata motar ta tare masa gani. Cikin gargaɗin da aka tsara har da na kada ka wuce, akwai mai tahowa. A Japan kamfanin Toyota ya fara sayar da motoci masu irin wannan a 2015, suna jin saƙon fitilar danja a mararraba, suna kuma sanar da direba cewa motar asibiti na tafe. A Jamus kamfanin Volkswagen ya sa tasa a motar Golf da ya fitar a 2019. Idan aka haɗa motoci da fitilun hanya da ofishin kula da zirga-zirga suna musayar labari haka, shi ne abin da Turawa ke kira tsarin sufuri mai basira.

Alhaji ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "To Malam, ita waccan da ta mutu a kwana, wa zai sa mata?" Tambayar ta kama mu, don gaskiya ce. Rediyo ɗaya ba ya hira. Sai motoci da yawa sun ɗauka kafin a ga amfani, mu kuwa yawancin motocinmu na hannu ne, an gaji da su a Turai ko Amurka ko Koriya kafin su iso Tema. Wannan da muke ciki ma ta girmi yaron motar.

A Kintampo muka ya da zango. Kakanninmu sun san garin nan, don bayan da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874 kasuwar goron Salaga ta soma ja da baya, fatake da yawa suka karkato nan. Muna shan shayi sai tunanin ayari ya zo mana. Ayarin fatake daga Kano zuwa Gwanja tafiyar watanni ce, amma ba a makance ake yin ta ba. Akwai madugu, akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya, in ya ga rafi ya cika ko alamar 'yan fashi sai labari ya koma har ga na ƙarshe. In ayari biyu suka haɗu kuma, mai dawowa ya ba mai zuwa labarin abin da ya baro. Labarin hanya na masu tafiya ne, su ne suka fi kowa bukatarsa. Yau kuwa na'ura ta san inda motarmu take dare da rana, amma ba ta taɓa gaya wa Alhaji ko da kalma ɗaya ba.

Ba mu gama shayin ba wayarsa ta yi ƙara. Mai mota ne, yana tambaya me ya sa aka tsaya fiye da awa guda. Alhaji ya ce cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, barci nake ji, kuma motarka da raina duk ina so su isa." Ya kashe waya ya shimfiɗa tabarma. Shi dattijo ne, yana da bakin faɗar haka. Muka yi ta tunanin matashin da bai daɗe da samun mota ba, wanda zai ji tsoron a karɓe makulli, ya sha kofi mai ɗaci ya koma titi da jajayen idanu. Na'urar da ke ƙirga tsayawa ita ce kuma za ta iya ƙirga awowin tuƙi ta ce ya isa haka. Mu a ganinmu a nan ne ya kamata shugabannin tasha da ƙungiyoyin direbobi su sa baki, tun kafin mai kuɗi ya mai da ita bulala.

Da asuba muka kama hanyar arewa. Daji ya soma buɗewa, itatuwan kaɗanya suka bayyana, ga buhunan gawayi jere a bakin titi. Tsakanin Kintampo da Buipe wayoyinmu suka yi ta ɗauke sabis suna dawowa. Malamin kimiyya ya ce a irin wannan wuri ne rediyon mota da mota ya fi waya, tunda ba ya jiran ƙarfen kamfani. Ya kuma ba mu labarin dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a ƙarshen Maris na 2018, wadda ta ce duk sabon samfurin ƙaramar mota sai ya iya kiran lambar gaggawa 112 da kansa in ya yi haɗari, ya faɗi inda yake, ko da direba ya suma. Mu ma nan Gana 112 ce lambar gaggawa, kuma a Janairun 2020 gwamnati ta ƙaddamar da motocin asibiti 307. Sai dai a dajin nan da tsakar dare, sai an sami mai rai, mai waya, mai sabis, wanda kuma ya san sunan ƙauyen da ke kusa.

Ba muna cewa gobe a sa wa kowace tsohuwar mota rediyon Jamus ba. Abin da muke tambaya ƙarami ne. Tunda akwai manyan motoci masu yawa da ake ganin motsinsu a kwamfuta, in ɗaya ta tsaya cik a tsakiyar titi a inda ba tasha ba, me zai hana saƙo ya tafi ga 'yan sanda da motar janwe da direbobin da ke tafe? Direbobinmu ma sun riga sun fara da kansu, don Alhaji ya nuna mana zaurensu na WhatsApp inda ake aika murya, a ce gada kaza akwai cunkoso, wuri kaza an yi haɗari. Illarsa ita ce sai mutum ya saki sitiyari ya duba waya.

Muka haye Baƙin Volta a Buipe da Farin Volta a Yapei, muka ci tuwo a Tamale, Walewale da Bolgatanga kuma a gajiye muka gan su. Washegari da hantsi aka cire wa motar akwatin kwastan a Paga, aikinsa ya ƙare. Muna sallama da Alhaji sai ga wata gingimari ta shigo daga arewa, shaƙe da albasar Nijar, za ta kudu. Alhaji ya ɗaga mata hannu, direban ya rage gudu ya leƙo.

"Ɗan'uwa, sannu da hanya. In ka wuce Kintampo ka kula, akwai mota a mace a kwana kafin Techiman, ba fitila. In ba a janye ta ba, tana nan."

Direban ya dafa ƙirji ya ce, "Na gode, Baba," ya sa giya ya wuce.