Allon Gidauniya

A damanar shekarar 2012 Nijeriya ta ga ambaliyar da ta daɗe ba ta ga irinta ba. Ruwan sama ya yi yawa, aka kuma saki ruwan madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, sai kogin Binuwai ya cika ya batse, ya cinye gonaki da gidaje tun daga Adamawa har zuwa Lakwaja, inda ya haɗu da kogin Kwara. Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa ta bayyana cewa mutum 363 ne suka rasu, fiye da miliyan 2 kuma suka bar matsugunansu. Da yawa daga cikinsu a azuzuwan makarantun firamare suka sami wurin fakewa.

A wannan lokaci ne aka tura wani ɗalibin kwalejin ilimi, ɗan ajin ƙarshe, aikin sanin makama na mako shida a wata ƙaramar ƙungiyar agaji ta wani gari da ke bakin Binuwai. Aka danƙa masa abu biyu: gidauniyar taimaka wa waɗanda ke zaune a makarantar garin, da kuma 'yan sa-kai goma sha huɗu da za su tara gudummawa su raba.

Ɗalibin nan ya zo da tunanin cewa shugaba shi ne wanda ya fi kowa wahala, ya kuma fi kowa magana. Saboda haka shi ke karɓar kuɗi, shi ke zuwa kasuwa sayen masara da tabarmi, shi ke tsara layin rabo. Abin da aka ba shi kuwa a bayan kowace takarda ya samu yake rubutawa, ya cusa a aljihu. 'Yan sa-kai su zo da safe su tsaya suna kallonsa, sai wanda ya aika. Kafin mako biyu sun koma biyar.

Ranar da aka zauna lissafin farko, sai aka tarar naira 3,500 ba su da madafa. Kafin faɗuwar rana magana ta zaga kasuwa, cewa yaron kwaleji ya fara taɓa kuɗin marasa galihu. Washegari mahauta, waɗanda suka yi alkawarin ba da nasu kaso, suka ce sai sun ga abin da hali ya yi. A makaranta kuwa akwai iyalai da abincin da ya rage musu ba zai wuce kwana uku ba.

Cikin mutum biyar da suka rage akwai wata dattijuwa, tsohuwar shugabar makaranta da ta yi ritaya. Ta kira shi gefe ta ce, "Ɗana, na san ba ka ci kuɗin nan ba. Amma wa zai shaide ka, alhali aljihunka ne kaɗai ya gan su?"

Ya ce, "Hajiya, to in biya daga nawa mana, a huta."

Ta ce, "In ka biya a ɓoye ka amsa laifi ke nan. Tara mutane, ka zube takardunka a gabansu."

Haka ya yi, ko da yake abin ya yi masa nauyi ƙwarai. A gaban mai unguwa da liman da fasto da sarkin pawa ya zazzage aljihunsa, ya ce shi ne ya yi sakaci. Aka bi takardun ɗaya bayan ɗaya, har wani direba ya tuna cewa an biya shi kuɗin ɗauko buhuna sau biyu, ba a kuwa rubuta ba. Lissafi ya cika cif.

Tun daga ranar tsarin aiki ya sauya. Aka zaɓi ma'aji da magatakarda, aka sayi littafin rasit mai kwafi, aka kuma yanke cewa ko kwabo ba zai fita ba sai da sa hannun mutum uku. Aka jingina allon aji a ƙofar makaranta. Kowace yamma a rubuta abin da ya shigo, ko kuɗi ne ko mudun gero, da abin da ya fita, da abin da ya saura. Mai wucewa ya tsaya ya karanta, wanda bai iya karatu ba a karanta masa. Mahauta suka kawo nasu, 'yan tireda suka biyo baya.

Daga nan ɗalibin ya bi 'yan sa-kan da suka janye gida gida. Bai tambaye su dalilin tafiyarsu ba, abin da kowa ya iya ya tambaya. Mata suka ɗauki shiga gidaje, inda namiji ba shi da ikon wuce zaure, suka fito da zannuwa da tukwane da kuka da daddawa. Masunta biyu suka riƙa kai kaya ƙetare a kwalekwale. Wani tela ya karɓi rajistar iyalai, domin babu wanda bai sani ba a garin. Shi kuwa ɗalibin aikinsa ya koma zagayawa, da sauraren koke, da yin godiya a bainar jama'a ta hanyar ambaton sunan duk wanda ya yi ƙoƙari. A nan ya gane cewa ɗan sa-kai ba shi da albashin da za a yanke masa. Abin da ke riƙe shi kawai shi ne ya ga aikin nasa ne, ya kuma ga an san da zamansa. Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to amma sai mai jinkar ya matsa ya ba sauran hannuwan wurin kamawa.

Wannan darasi ya shafi duk mai shirin zama malami. Gobe za a miƙa masa kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, ko na jarrabawa, ko na gyaran rufin aji, a kuma haɗa shi da mutanen da ba shi da ikon tilasta musu komai. Gaskiyar da ke cikin zuciyarsa ba za ta wadatar ba, sai ya shimfiɗa ta inda ido zai gani.

Da ruwa ya janye, iyalai suka koma, aka mayar da allon cikin aji. Ɗalibin ya kammala karatu ya kama koyarwa. A ajinsa na farko, kafin ya naɗa monita, sai da ya raba wa yara aikin rajista da na alli da na shara, sa'annan ya ware kusurwar allo ya rubuta: "Abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya saura."