'Yar Titin Mokola

Da aka ce mu kawo namu rubutun a wannan fitowar, niyyarmu mu yi magana kan tsadar goro. Sai uwargida ta ce, "Malam, goro kullum ana zancensa. Ka ba su labarin ranar da ka yi gudu ba takalmi." To ga shi, da izininta.

Shekara goma sha tara ke nan. Lokacin ba a yi gadar sama ta Mokola ba, wadda aka buɗe a 2013, don haka motar Dugbe da ta Sango duk a shataletalen nan suke cakuɗewa. Uwargida tana ɗauke da ciki na uku. Na fari da na biyu a gida ta haife su, can Bichi, a ɗakin mahaifiyarta, mu dai saƙo kawai muka samu da ranar suna. Abin da muka sani game da haihuwa bai wuce sayen rago ba. Na ukun kuwa ya zo daidai lokacin da kasuwa ta juya mana baya, ba kuɗin mota zuwa Arewa, sai muka ce ta zauna, ai ga asibiti nan kusa.

Ta je awo, an ba ta kati, an rubuta watan da ake sa rai. Ba mu taɓa buɗe katin nan ba. Kun san halinmu. Mutum zai faɗa maka farashin huhun goro a Shagamu ko barci ka tashe shi, amma ka tambaye shi watan cikin matarsa, sai ya sunkuyar da kai ya ce Allah ne masani. Ita ma naƙuda ta kama ta tun da hantsi, ta yi gum, har tuwo ta tuƙa, saboda an raine ta a kan cewa raki wajen haihuwa abin gori ne. Sai bayan la'asar maƙwabciya ta turo yaro rumfa, wai a ce da Malam ya zo, ba lafiya. Muna tsakiyar ciniki da wani baƙo daga Sakkwato, muka ce muna tafe. Sai da muka gama ƙirga, muka ɗaure, muka karɓi kuɗi. Allah ya yafe mana wannan zaman.

Muka tari tasi za mu asibitin haihuwa da ke Yemetu, ga hadari ya haɗo. Ko shataletalen ba mu wuce ba ruwa ya tsuge, motoci suka tsaya cik. Nan ne uwargida, wadda tun safe ba ta ce uffan ba, ta riƙe mana hannun riga ta ce, "Malam, ba zan kai ba."

Direban, wani dattijon Bayarabe, ya dubi madubi sau ɗaya, ya fita cikin ruwan yana ƙwala wa matan bakin titi kira. Kafin mu buɗe ƙofa sun iso: masu tattasai, mai gasa masara, da wata tsohuwa mai sayar da agidi. Suka ɗauke ta cak zuwa ƙarƙashin rumfar wani shago da aka rufe, kowacce ta kwance zanin da ta ɗaura a sama, suka miƙa su hannu da hannu, suka yi katanga. Ba wadda ta tambayi garinmu. Muka matsa za mu leƙa, tsohuwar ta daka mana tsawa, "Alfa, koma can!" Muka koma can.

A nan fa ilimi ya gudu. Mu da ake zuwa wurinmu neman addu'ar sauƙin haihuwa, muka buɗe baki, abin da ya fito addu'ar shiga kasuwa ce. Sau uku muna farawa tana dawowa. Can aka ce mu je mu sayo sabuwar reza da zare. Muka zuba da gudu, kwata ta cinye takalmi ɗaya, muka yar da ɗayan. A kemis kuma Yarabancin da muke ciniki da shi shekara da shekaru ya ƙi kawo mana sunan zare, muka dawo da reza da filasta. Kafin mu iso, an ji kukan jaririya.

Tsohuwar ba ta ma taɓa rezar ba. Ta goge yarinyar da ɗankwalinta, ta kwantar da ita a ƙirjin uwar, ta lulluɓe su tare, ta ce cibiya a bar wa asibiti tunda ga shi nan kusa, kuma kada wanda ya ja mabiyiya. Daga baya ma'aikaciyar jinya ta ce mana abin da ya kamata ke nan: ɗumi jariri yake buƙata kafin komai, kuma yankan cibiya da ƙarfe mai datti shi ke kawo ciwon nan da ke sandarar da jarirai cikin kwanakin farko. Mu kuwa da aka ba mu dama mu yi kiran salla a kunnenta, ruɗewa ta sa muka sake murya irin ta hasumiya. Jaririya ta tsandara ihu, wani mai shayi a tsallake ya ɗauki buta ya fara alwala, ya zaci magariba ta yi.

Matan suka ce sunanta Abiona, haka suke kiran wanda aka haifa a hanya. Yaran unguwa suka sa mata Titi, wanda ya yi daidai ta ko'ina, tunda su ma maƙwabtan namu suna da Titi a sunayensu. Na yanka ba za mu faɗa ba, yanzu matar aure ce.

Kuma yarinyar nan ba ta daina fito da sirrinmu waje ba. Tana shekara huɗu, wata rana ladan ya kunna lasifika kafin azahar ya fita alwala, muna zaune a gaba. Ta shigo da gudu, ta tsaya daidai bakin makirufo ta ce, "Baba, Umma ta ce kuɗin cefanen bai kai ba, kuma wai kar ka ce ka manta irin na jiya." Har bakin kasuwa an ji. Ranar mutum uku suka yi mana musafaha da kuɗi a dunƙule, ba mu san ko mu yi godiya ko mu nutse ba. Wata rana kuma muka je ɗauko ta daga Islamiyya a kan babur, ga su nan sun fi ashirin, hijabi iri ɗaya, tsawo ɗaya. Muka ɗora wadda ta miƙo hannu. Sai a ƙofar gida uwargida ta ɗaga hijabin ta ce, "Malam, wannan ta wa ce?" 'Yar mahauci ce, tana ta shan alewar da muka saya, ba ta ce komai ba. Tamu tana can tana kuka a gindin allo. Wanta kuwa, ranar da muka kai shi Bichi, kwanciya ya yi rub-da-ciki gaban kakansa irin gaisuwar yaran nan garin, tsoho ya ce a kawo ruwa, yaro ya faɗi.

Ana ba da labarin Mokola ana dariya, mu ma muna yi. Amma akwai ƙarshensa da ba mu cika faɗa ba. Da muka isa asibiti jini ya ɓalle wa uwargida. Aka yi allura, aka ɗaura ruwa, aka nemi jini, muna tsaye a baranda ba takalmi, kuɗin baƙon Sakkwato a aljihu. Sai bayan isha aka ce ta tsallake. A shekarun da muke taɓa limanci a unguwar nan, mun tsaya a kan gawar mata fiye da ɗaya da jinin haihuwa ya tafi da su, kuma in ka zauna da mijin bayan kwana uku, labarin kusan ɗaya ne: ta yi shiru, shi bai tambaya ba, aka nemi mota da dare aka rasa. A gida akwai uwa da goggo da ungozoma a bayan katanga, su ke lura da abin da miji ba ya gani. Nan Ibadan yawancinmu daga mu sai matanmu a ɗaki ɗaya. Kunyar mun taho da ita, amma tsofaffin da ke rufa mata asiri mun baro su can. Ajali gaskiya ne, ba mu musu. Sai dai ba mu ga inda aka hana miji sanin watan matarsa ba.

Tsohuwar mai agidi mun kai mata cinyar rago ranar suna, kuma duk Babbar Salla muna kaiwa har shekarar da muka je aka ce ta rasu.

Yanzu Titi ce da kanta ke da ciki, na fari, kuma ta dawo gida wurin uwarta, wato layi biyu daga ɗakinta. Makon jiya muka kira mijin rumfa, muka ba shi goro, muka ce, "Wata nawa?" Ya dubi ƙasa, ya dubi sama, ya ce, "Baba, ai... Allah ne masani." Muka ce haka ne, je ka ɗauko katin. Ya kawo, muka buɗe tare, saura mako biyar. Jaka tana bayan ƙofa da zannuwa da audugar mata da sabuwar reza, da zare wannan karon. Lambar mai Keke biyu muka rubuta da gawayi a bangon zaure, ɗaya ya yi alkawarin ba zai kashe waya da dare ba. Uwargida kuma ta ajiye mana takalmi mai maɗauri kusa da jakar.