Araha ba ta ado, amma tana rufa asiri

Da yawa daga cikinmu masu rubutu da Hausa ba mu taɓa sayen manhajar rubutu ba. Kuɗin lasisin Microsoft Word ya fi ƙarfin aljihunmu, littafin da muke rubutawa kuwa bai tabbata zai mayar da kuɗin buga shi ba. Don haka muka rungumi na kyauta.

LibreOffice ce ta fi kwanta mana a rai. A 2010 ta ɓalle daga OpenOffice, kuma wata gidauniya da ke Jamus, The Document Foundation, ita ke riƙe da ita. Ba ta neman ko sisi, ba ta buƙatar intanet, ga wanda yake lissafin data kullum kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Muddin rubutun yana hannunmu, babi bayan babi, ba mu da ƙorafi.

Rigimar tana farawa ne ranar da fayil ya bar kwamfutarmu. Edita da mai ɗab'i Word suke amfani da ita, tsarinta na docx kuma, wanda ya zo da Word 2007, shi ne ya zama yaren kasuwa. Manhajar kyauta tana jin yaren, amma da tsamin baki. Sai jadawali ya goce, bayanin ƙasan shafi ya yi tsalle zuwa shafi na gaba, baitocin waƙa da muka jera da kulawa su watse kamar an kori kaji. Inda aka rubuta da salon harafin Calibri, sai a maye gurbinsa da Carlito in akwai shi, in babu kuma adadin shafuka ya canza. A mayar da fayil PDF, komai zai tsaya daram, to amma ta yaya edita zai sa hannu ya gyara?

Sai jan layin nan da ke bin kowace kalma, domin manhajar ta ɗauka Turanci muke yi. Mukan kashe shi kawai, mu koma dogaro da idanunmu. Batun ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ma akan ɗora wa manhajar kyauta laifinsa, alhali galibi salon harafi ne ba shi da su. Sai ƙ ta fito akwati, ko mai gaggawa ya cire mata lanƙwasa, ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata. Maganin ma kyauta yake: Charis da Andika na SIL duk suna da su, da sharaɗin mai ɗab'i ya sa su a tasa na'urar.

Waɗanda ba mu yarda da su ba su ne na ɗanɗana kafin ka saya. Kwana 30 ake ba mutum, labari kuwa ba ya ƙarewa a kwana 30. Kana tsakiyar babi na bakwai wa'adi ya cika, a ce biya ko ka tsaya. Na waya masu talla su ma haka: jimla na zuwa, hoton wasa ya rufe allo, ta gudu.

Yanzu dai a LibreOffice muke rubutu, mu aika docx da PDF tare, mu haɗa da salon harafin, sannan mu roƙi mai ɗab'i ya bar mu mu ga shafin gwaji kafin inji ya tashi.