Sunan da 'Yan Kallo Suka Raɗa

'Yan'uwa matasa, a Ostireliya akwai wani irin ƙwallo da ake bugawa da ƙafa da hannu, mutum 18 a kowane ɓangare. A wannan wasa aka yi wani gwani, Gary Ablett na ƙungiyar Geelong, wanda ya ci ƙwallo fiye da 1,000. Tsabar burge su da ya yi, magoya baya suka riƙa kiransa "Allah". Da ɗansa, shi ma Gary, ya fara buga wa Geelong a 2002, sai suka ce ga "ɗan Allah" ya iso.

Mu da muka san Mai wannan suna, jin haka kawai yana sa jikinmu ya yi sanyi.

Ɗan bai kunyata gida ba. Ya ci kofin gasa da Geelong a 2007 da 2009, abin da mahaifinsa bai taɓa samu ba. Sau biyu ya karɓi lambar Brownlow ta gwarzon shekara, a 2009 da 2013. Duk da haka bai ɓoye cewa shi mai bin Yesu ne ba.

Jikinsa kuwa na ɗan Adam ne. A 2014, yana Gold Coast, kafaɗarsa ta goce, bai ƙarasa kakar ba. Ya koma Geelong a 2018. Wasansa na ƙarshe, na 357, shi ne na cin kofi a 2020. Tun farkon wasan ya ji ciwo a kafaɗa, ya daure ya dawo fili, amma Richmond ta yi nasara.

A Ayyukan Manzanni sura 14, mutanen Listira sun ɗauki Bulus da Barnaba alloli ne. Manzannin suka yage tufafinsu, suka ƙi. Ba da daɗewa ba aka jajjefi Bulus da duwatsu a garin nan.

Mu ma ana raɗa mana sunaye: mai muryar zinariya a ƙungiyar mawaƙa, ginshiƙin zumunta. Yabon yana da daɗi, har mukan fara yin hidima domin a sake faɗa. To ran da murya ta dushe, ko aka zaɓi wani shugaba, me zai rage mana? Idan tafi ne ya riƙe mu a ikkilisiya, shiru zai kore mu.

Sunan da ba ya gocewa shi ne wanda Almasihu ya saya mana da jininsa, wato 'ya'yan Allah ta wurin alheri.

Ya Ubangiji, ka koya mana miƙa maka kowane yabo. Amin.