St Andrews, Filin Golf Da Ke Hutawa Ran Lahadi

A gabashin ƙasar Sikotlan, bakin Tekun Arewa, akwai wani ɗan gari mai suna St Andrews, kimanin mil 50 daga birnin Edinbara ta hanyar mota. Jirgin ƙasa ya daina shiga garin tun 1969, sai dai baƙo ya sauka tashar Leuchars ya ƙarasa cikin bas. Abin da ke fara taryensa kuwa iska ce mai sanyi daga teku, sa'an nan gidajen dutse masu launin toka, da jami'ar da aka kafa cikin 1413, da kangon babbar majami'a tsaye kan gaɓa ba rufi. Amma abin da ya kai sunan garin uwa duniya yana can gefen arewa, watau wani fili mai tudu da kwari wanda Turawa ke kira Tsohon Fili, mahaifar wasan golf, wanda wasu ke ce da shi ƙwallon lambu.

Wanda ya fara ganin filin nan ya kan raina shi. Ba inuwar itace, ba tafki, sai gajeriyar ciyawa da sarƙaƙiya mai ƙaya, da tarkunan rairayi har 112 warwatse, waɗansu ma ba a ganinsu sai an zo bakinsu. An ce tumaki ne suka fara tona su don fakewa daga iska. Dokar wasan kuwa mai sauƙin faɗi ce: mutum ya bugi 'yar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami, ya bi ramuka 18 bi da bi, wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Wannan adadi ma daga nan ya samo asali, gama dā ramuka 22 ake bi, sai cikin 1764 aka haɗe waɗansu suka koma 18, sauran duniya kuma ta bi sahu.

Tun 1457 Sarki James na Biyu ya hana wasan a ƙasar, don ya ga samari sun bar koyon harbi da baka, amma hanin bai ɗore ba. Cikin 1552 babban limamin majami'ar garin, John Hamilton, ya sa hannu a takardar da ta tabbatar wa mutanen gari ikon yin wasa a filin. Cikin 1754 waɗansu manyan mutane 22 suka kafa ƙungiyar da Sarki William na Huɗu ya zama ubanta a 1834, wadda daga bisani ta zama mai tsara dokokin wasan. Shekara 260 ƙungiyar nan ta yi ba mace cikinta, sai 2014 aka buɗe musu ƙofa.

Duk da haka filin ba na ƙungiyar ba ne, na jama'a ne, kuma sai da aka sha fama kafin hakan ta tabbata. A 1797 bashi ya ci majalisar gari har ta sayar da shi, ba da jimawa ba ya faɗa hannun masu kiwon zomaye. Zomaye suka shiga tone-tone, 'yan wasa suka shiga kashe su, aka yi ta shari'a shekara da shekaru, har wani mai gonaki, James Cheape, ya saye filin a 1821 ya raba gardama. A 1894 doka ta mayar wa gari da abinsa. Har yanzu baƙon da ya iya wasan yana iya sa sunansa cikin ƙuri'ar da ake fitarwa, in ya dace ya biya kuɗi ya taka inda zakaru suka taka.

Babbar gasar nan ta ƙwararrun maza da ake kira Open, wadda aka fara a Prestwick cikin 1860, ta fara zuwa St Andrews a 1873, kuma zuwa 2022 an yi ta a nan sau 30. Ladan zakara, ban da kuɗi, wata butar azurfa ce. Labarin filin cike yake da waɗanda ya ƙasƙantar. Ba'amurken nan Bobby Jones, yana saurayi a 1921, ya fusata a rami na 11 ya janye daga gasar. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ya komo a 1927 ya ci, a 1958 kuma garin ya karɓe shi ɗan gida, girman da ba a taɓa yi wa wani Ba'amurke ba sai Benjamin Franklin. A 1970 Doug Sanders na bakin ramin ƙarshe, saura bugu ɗaya na tazarar ƙafa uku ya ɗauki buta, sai ƙwallo ta goce. Kashegari aka sake karawa, Jack Nicklaus ya kada shi da bugu ɗaya tak.

Inda aka fi jin tsoro shi ne rami na 17. Mai wasa ya kan buga ƙwallo ta bisa kusurwar harabar wani otel, ba ya ganin inda za ta sauka. In ya matso, ga hanya da katangar dutse a bayan ramin, ga wani tarkon rairayi mai zurfi a gabansa. A 1978 Tommy Nakajima na Japan yana cikin na gaba-gaba, ƙwallonsa ta gangara ciki, sai a bugu na huɗu ya fid da ita, ya tashi da bugu tara a rami guda. Wannan ya sa ake jinjina wa Tiger Woods, wanda a shekarar 2000 ya yi kwana huɗu yana wasa bai faɗa tarko ko ɗaya ba, ya ci da ratar bugu takwas.

A maƙabartar kangon majami'a Tom Morris Babba yake kwance, wanda ya kusan shekara 40 yana kula da filin, ya rasu a 1908. Kusa da shi ɗansa ne, Tom Ƙarami, wanda ya ci gasar sau huɗu a jere, ya rasu ran Kirsimeti na 1875 yana da shekara 24, 'yan watanni bayan matarsa ta rasu wajen haihuwa tare da jaririn.

Abin da ke damun masu kula da filin a yau shi ne sanduna da ƙwallayen zamani, waɗanda ke cin nisan da magabata ba su taɓa zato ba. An yi ta ja da wuraren fara bugu baya, har tsawon filin ya haura yadi 7,300, amma gari na gefe guda, teku na gefe guda, ba sauran wurin ƙari sosai. A 2022, da iska ta lafa, Cameron Smith na Ostireliya ya gama ranar ƙarshe da bugu 64 kacal. A ƙarshen 2023 hukumomin wasan suka ba da sanarwar za su rage nisan da ƙwallo ke ci.

Ran Lahadi kuwa, in ba ranar ƙarshe ta babbar gasa ba, ba a wasa a Tsohon Fili. An ce Tom Babba ne ya dage a kan cewa ƙasa ma tana bukatar hutu. Ran nan mutanen gari kan fito da 'ya'yansu da karnukansu, ɗalibai su baje kan ciyawa, baƙi su yi layi don ɗaukar hoto bisa 'yar gadar dutse ta Swilcan, inda Nicklaus ya tsaya ya ɗaga wa jama'a hannu ya yi ban kwana a 2005. Da gari ya waye ran Litinin, sai a mai da tutoci bakin ramuka, masu sanduna su sake jeruwa.