Sanda ko Hannu?

A gidajen gem na Batsari da Safana hannu kaɗai muka sani. Mu 'yan PlayStation 2 ne. Injinan nan na tsaye masu sanda da manyan maɓallai, waɗanda Street Fighter II ya tara wa jama'a a Japan da Amurka tun 1991, ban taɓa ganin ko ɗaya a yankinmu ba. Talabijin ce a kan benci, da janareta, da hannu mai waya wanda aka ɗaure da salatif.

Ƙanena yana da irin wannan shago a Safana. Bana ya sayar da rogonsa, ya ce sanda biyu zai saya da kuɗin, domin ya ga bidiyon Arslan Ash, ɗan Pakistan ɗin da ya ci gasar Evo ta Tekken 7 a 2019. "Yaya, ai da sanda ƙwararru ke bugawa," in ji shi.

Aikina rubuta manhaja ne, don haka ta wajen inji na fara duba maganar. Wasan faɗa yana karanta abin da ka danna sau 60 a daƙiƙa ɗaya. Abin da ke isa gare shi kawai shi ne sama, ƙasa, gaba, baya, kusurwoyi huɗu, da maɓalli. Bai san ko babban yatsa ne ya aiko saƙon ko tsintsiyar hannu ba. Bambancin yana jikin mai wasa. A 2014 wani Bafaranshe, Luffy, ya ci Evo a Ultra Street Fighter IV da tsohon hannun PlayStation na farko, a gaban masu sanduna masu tsada.

Ba wai sanda ba ta da ranarta ba. Street Fighter maɓallai shida gare shi, uku na naushi uku na shuri, kuma a kan sanda duk suna jere a ƙarƙashin yatsu. A hannu kuwa huɗu ne a fuska, sauran biyun sai an laluba a kafaɗa. Sannan sanda tana gyaruwa: in maɓalli ya mutu, a kwance, a sa wani. Wanda ya ga yadda ƙurar hunturu ke shiga hannu har ɗan wasa ya riƙa tafiya da kansa ba zai raina wannan ba. Sai dai maɓallin nan ba a kasuwar Batsari za a samo shi ba, sai an yi oda daga nesa an jira.

Kuma me yaran ke bugawa? Mortal Kombat, mai maɓallin kariya da ke zama daidai a ƙarƙashin manuniya. Tekken, mai maɓallai huɗu, ɗaya ga kowace gaɓa. In sun gaji su koma ƙwallo, wadda ita ce ke biyan kuɗin mai, kuma sanda ba ta da amfani a cikinta. Yaron da ya biya kuɗin wasa ɗaya ba zai yarda ya ƙarar da shi wajen koyon sabon riƙo ba, abokinsa na dukansa.

Na ce masa ya sayi hannu huɗu masu waya, ragowar ya zuba a batirin sola. Ya saya, yana gunaguni. Sandar kuma na yi alkawarin kawo masa ɗaya da sallah, daga aljihuna, a ajiye ta gefe don mai sha'awa.