Tsohuwar Mota Da Kuɗin Gyaranta A Jidda

Mu da mu ke karantar da yara allo a nan Jidda, samunmu bai kai na sabuwar mota ba. Abin da mu ke iya saye shi ne ƙaramar mota wadda ta sha hannu, yawanci Toyota Corolla. Da ita mu ke kwasar yara, da ita mu ke kai baƙi Makka. Ran da ta kwana a garejin da ke wajen Madinar Masana'antu, watau Sina'iyya, a kudancin gari, ran nan cefane ya ragu a gida.

Ba mu raina wannan mota ba. Tun 1966 a ke ƙera ta a Japan, kuma gidan Abdul Latif Jameel ya fara kawo Toyota ƙasar nan tun 1955, saboda haka kayan gyaranta ba su wuya. Amma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Babban abokin gābarta a garin nan zafi ne. Lagireto ya kan toshe, musamman in a na ɗura masa ruwan famfo, gama gishirin ruwan ya na daskarewa a ciki. Robar ruwa ta kan tsage, fanka ta tsaya. To, nan ne hankali ya ke aiki. In allurar zafi ta haura, a tsaya nan take, a kashe inji. Wanda ya ce bari ya lallaɓa ya isa gida, gasket ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe. Da kuɗin roba guda kaɗai zai biya, yanzu ga shi sai an buɗe inji.

Na biyu baƙin mai. Wasu Corolla na 1998 zuwa 2002 an san su da shan mai, don ringin fistin ya kan maƙale. Mai irin wannan mota ya riƙa zaro sandar awo ko wane mako. In mai ya ƙare inji ya buga, to, kuɗin gyaran ya na iya kusantar kuɗin motar kanta.

Sauran kuwa sananne ne. Batir ba ya daɗewa cikin zafi. Ƙura ta na cika matatar iska. Iskar Bahar Maliya mai gishiri ta na cin salansa da ƙasan mota. Wanda kuma ya tuna ambaliyar Nuwamba 2009 da ta Janairu 2011 ba ya sayen mota sai ya ɗaga shimfiɗar ƙafa ya duba tsatsa, domin motar da ruwa ya taɓa shanyewa ba ta rabuwa da ciwon waya.

Sa'an nan batun kuɗi. Gyara kashi uku ne: kuɗin kaya, ladan hannu, da haraji. Harajin ciniki ya fara da kashi 5 cikin ɗari a Janairu 2018, ya koma kashi 15 a Yuli 2020. Watau aikin riyal 1,000 ya zama 1,150. Kayan ma iri uku ne: na asali, na kasuwa, da na tashlih, inda a ke farke matattun motoci. Ƙofa ko fitila ko madubi, mu kan saya a tashlih ba fargaba. Amma birki da taya, waɗanda ran 'ya'yan mutane ke kansu, ba mu neman araha, gama araha ba ta ado. Mu tuna kuma ba a sabunta istimara sai mota ta ci jarrabawar fahas, can kuwa birki da taya da hayaƙi su ke dubawa.

Shawararmu ga 'yan'uwa ita ce, a yanke ciniki da makaniki kafin ya ɗauki sifana, a karɓi takarda, a ce ya ba da tsohon kayan da ya cire. Ko wane wata a ware wani abu kaɗan a ajiye da sunan mota, kamar yadda iyayenmu ke ajiye dusar jaki. In kuwa gyaran shekara ya fi abin da motar ta kawo, a rabu da ita tun ba ta jawo bashi ba.

Allah ya kiyaye hanya, amin. Haza wasalam.